Abokina na so in sayi fili a tsibirin Gili Air da sunansa: in amince?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina zuwa Jakarta saro kaya a kasuwar Tanah Abang. Wani abokin cinikina ɗan ƙasar ya ba ni shawarar in sayi fili a wani ƙaramin tsibiri, Gili Air, kusa da babban tsibirin Lombok a Indonesiya, in gina ɗakunan saukar baƙi. Ya ce doka ba ta ba baƙo damar mallaka ba, amma sai a rubuta da sunansa, mu ƙulla yarjejeniya a gaban lauya. Ya zaman wurin yake, kuma wannan tsari zai riƙe ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsarin nan ba zai riƙe ka ba, kuma ina roƙonka kada ka ba da ko kuɗin kafin alƙalami a kansa. Ban ce abokinka macuci ba ne. Ko da ya fi kowa amana, dokar ƙasarsu ce ta rufe wannan ƙofa.

Dokar filaye ta Indonesiya, mai lamba 5 ta shekarar 1960, ta ce cikakkiyar mallaka, wadda suke kira Hak Milik, ta 'yan ƙasa ce kaɗai. Sashe na 26 ya ƙara da cewa duk cinikin da aka ƙulla don mallaka wa baƙo fili, a fili ne ko ta bayan fage, rusasshe ne: filin ya koma hannun gwamnati, kuɗin da aka biya kuma ba a iya neman a mayar da su. To ka ga takardar da za ku sa wa hannu gaban lauya ita ce ma shaidar cewa an zagaye doka. Sannan ka yi tunanin rasuwa. Ranar da ta Allah ta kasance a kan abokinka, filin ya shiga gado, magada kuwa sunan mahaifinsu za su gani a takarda. Haka in bashi ya hau shi, ko ya jinginar da takardar a banki. Wasu kan ce to su auri 'yar ƙasar. Ita ma sai ma'auratan sun rubuta yarjejeniyar raba dukiya kafin ta riƙe Hak Milik, kuma filin nata ne, ba na miji ba.

Hanyoyin da doka ta yarda da su uku ne. Mafi sauƙi ita ce haya ta dogon zango, Hak Sewa, da ake rubutawa gaban notaris, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun yarjejeniya, galibi shekara 25 ko 30. Akwai Hak Pakai, haƙƙin amfani, na shekara 30 da ake iya ƙara 20 sannan a sabunta 30, amma wannan gidan zama ne mai ƙa'idar mafi ƙarancin farashi, biliyoyin rupiya, kuɗin ƙasar. Mai son yin sana'ar saukar baƙi, irin taka, sai ya kafa kamfanin jarin waje, PT PMA, ya riƙe filin da haƙƙin gini, wato HGB, kuma ana neman shirin jarin da ya haura rupiya biliyan 10. Ka auna aljihunka da wannan kafin komai.

Ko hayar ce, ka dubi asalin takardar. A ƙauyuka da yawa fili ba shi da satifiket na hukumar filaye, BPN, sai tsohuwar shaidar biyan haraji ko rajistar ofishin ƙauye. Irin wannan fili sau da yawa na 'yan'uwa ne birjik, wani yana ci-rani a Malesiya, wata ta yi aure a Mataram, babban birnin Lombok, ɗaya ne kawai ya zo ya sa maka hannu. Ka kai lambar satifiket ofishin BPN na Lombok ta Arewa a duba, ka sa a auna iyaka maƙwabta na tsaye. Filin da ya fi jan ido, na bakin ruwa, shi ya fi haɗari, domin doka ta keɓe aƙalla mita 100 daga inda ruwa ke kaiwa in teku ta cika. A 2017 hukuma ta rushe rumfuna da shagunan da aka kafa a gaɓar Gili Trawangan, maƙwabcin tsibirin.

Zaman wurin kuwa yana da daɗi ga mai haƙuri. Gili Air da Gili Meno da Gili Trawangan ƙauye guda ne a hukumance, Desa Gili Indah, da dagacinsa da suke kira kepala desa, kowane tsibiri da mai unguwarsa. Mutanen Musulmi ne, jikokin masunta da manoman kwakwa, 'yan ƙabilun Bugis da Mandar da Sasak. Za ka ji kiran salla sau biyar, abincin gari halal ne, sai dai 'yan Shafi'iyya ne, don haka za ka ga 'yan bambance-bambance a sahu. Babu mota a tsibirin. Ƙafa ce, da keke, da keken doki mai suna cidomo, kuma cikin awa biyu ka zagaye shi kaf. Ka san kuma cewa bakin teku na 'yan yawon buɗe ido ne, da shigarsu da mashayarsu. In za ka buɗe masauki, su ne abokan cinikinka, sai ka yanke tun yanzu abin da za ka sayar da wanda ba za ka sayar ba.

Rashin motar nan yana shiga lissafin gini. Kowane buhun siminti sai an loda shi a kwale-kwale a tashar Bangsal da ke gaɓar Lombok, a sauke a kan yashi, 'yan dako su ɗauka a ka, a ɗora wa doki har bakin filinka, kowane hannu da ladansa. Ruwa ma haka: rijiyoyi zartsi ne, kuma a 2024 mutanen Gili Meno sun sha wahala sosai da aka daina ba su ruwan tekun da ake tacewa. Tambayi mai filin daga ina ruwansa ke zuwa, ka buɗe famfon ka ɗanɗana da bakinka. Ginin ma ya zama mai jure girgiza. Girgizar ƙasar 5 ga Agusta 2018 da waɗanda suka biyo ta sun kashe mutum fiye da 500 a Lombok, aka kwashe dubban mutane daga tsibiran nan uku, kasuwar baƙi ta mutu na watanni.

Game da tafiya, daga Jakarta ka hau jirgin sama zuwa filin jirgin Lombok da ke Praya, mota ta kai ka Bangsal cikin kamar awa biyu, kwale-kwalen haya kuma ba ya tashi sai ya cika. Tsallakawar ba ta kai rabin awa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar yamma kan tayar da igiyar ruwa har a dakatar da jirage. Wannan ne ya fi damuna ga mai iyali ko mai ciwon da ke tashi da dare, don a tsibirin ƙananan asibitoci ne kawai, babba sai an tsallaka Lombok, garin Tanjung ko Mataram.

Fasfonka ma yana da nasa nauyi. Najeriya ta daɗe cikin 'yan ƙasashen da ba a ba mutanensu biza sai an tantance a Jakarta, tare da mai tsaya musu. Bizar zuwa saro kaya ba ta ba ka izinin tsayawa kana gudanar da masauki ba, sai ka sami takardar zama ta mai zuba jari, KITAS.

In har zuciyarka na wurin, a zuwanka na gaba ka kama ɗaki na wata guda cikin Janairu, lokacin da ruwa ke zuba baƙi suka ragu. Ka kai gaisuwa wurin mai unguwa, ka yi salla da mutane, ka tambayi dokokin gari da suke kira awig-awig. Lauya da notaris kuwa ka nemo naka da kanka a Mataram, waɗanda ba abokinka ko dillalin filin ne suka haɗa ka da su ba, kuma a fassara maka kowane shafi kafin ka sa hannu.