Ba ni da ciwon suga amma zaƙi na wahalar da ni

Tambaya: Salam likita, ni dai duk sanda na sha lemon kwalba ko na ci kek, bayan ɗan lokaci sai jikina ya kama rawa, gumi ya keto min, gabana na faɗuwa, kuma an gwada an ce ba ni da ciwon suga. Meye matsalar?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa, sannu. Abin nan ba tsoronki ba ne ya ƙirƙiro shi. Zaƙi in ya shiga jini da sauri, jiki kan saki insulin, wato sinadarin da ke rage suga a jini, fiye da kima, to sai sugan ya rikito ƙasa bayan awa 2 zuwa 4, wani lokacin ƙasa da 70 mg/dL a ma'aunin sugan jini, shi ne jiki ke sakin adrenalin, wato sinadarin da yake saki lokacin firgici, rawar jikin da gumin daga nan suke. Wanda aka yi wa tiyatar tumbi ya fi fuskantar wannan.

Don Allah kar ki sha zaƙi da yunwa, ki fara cin ƙwai ko wake, ki dinga ci kaɗan-kaɗan. Gwajin sugan da zai nuna gaskiya shi ne na daidai lokacin da abin ya taso miki. In kin taɓa suma kuwa, maza asibiti.