Tambaya da Amsa: Kwal nawa ne a ƙarƙashin ƙasarmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga Gombe nake, ba nisa da Maiganga inda ake haƙar kwal. Na karanta cewa Najeriya na da kwal tan miliyan 639, a wani wurin kuma na ga biliyan 2.75. Wanne ne gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu wanda ya yi maka ƙarya. Na farkon shi ne wanda aka tabbatar, na biyun ƙiyasi ne.

Masana ba sa ganin kwal da ido. Rami suke hudawa kamar na burtsatse, su zaro dutsen, su auna kaurin shimfiɗar kwal ɗin. A tsarin da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 1983, duk kwal da bai wuce mita 400 daga ramin ba, shi ne aunanne. Daga nan zuwa kilomita 1.2, alamu ne suka nuna shi. Zuwa kilomita 4.8 kuwa ƙiyasi ne, abin da ya wuce haka zato kawai. Dalili shi ne shimfiɗar kan sirance, ko ta tsage ta nutse, ba tare da an ga alama a sama ba.

Lissafin ba wuya. Hekta ɗaya mai kaurin mita ɗaya na ɗauke da kusan tan 13,000. Kewayen mita 400 ɗin nan hekta 50 ne, saboda haka in kaurin ya kai mita biyu, rami ɗaya ya tabbatar da tan miliyan 1.3 ke nan.

Sai maganar zurfi, wadda 'yan jarida suka fi mantawa da ita. Tsarin yana ƙirga kwal har zurfin mita 1,800, amma wanda ake sa ran haƙowa bai wuce na mita 300 ba, nau'in kwal mai laushi da danshi da ake kira lignite kuwa mita 150. Na Maiganga yana kusa da sama, shi ya sa ake yaye ƙasa a kwasa, ba a shiga ƙarƙashi kamar yadda aka yi a Inugu tun 1916.

Ni dai in gwamna ya ce jiharsa na da tan miliyan kaza, abin da nake fara tambaya shi ne ramuka nawa aka huda, kuma nawa ne tazarar da ke tsakaninsu.