Barcin ko gudun, wanne za a rage lokacin jarrabawa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce jarrabawa saura sati uku, kana karatu har ƙarfe biyun dare kuma ba ka son barin gudun da ka saba yi da asuba, to wanne za ka rage. Ni dai gudun zan ce ka rage, barcin nan kar ka taɓa shi.

Na taɓa yin wannan gangancin a ajin ƙarshe, kwana biyu a jere ban runtsa ba ina ta ɗirkar shayi da cin goro, wallahi da na shiga ɗakin jarrabawa duk abin da na haddace ya bi iska, ina kallon takarda tana kallona. Ai a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da ka karanta, kuma babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9 ne a dare, ba huɗu ba.

Shi motsa jiki ba sai ka kashe kanka ba, Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a sati, ka ga minti 30 sau biyar kenan, tafiya da sauri ma ta wadatar. Ka mai da shi bayan la'asar lokacin da kai ya riga ya toshe, ko ka daina hawa adaidaita ka taka da ƙafa zuwa laburare.

Ka kwanta ƙarfe goma, bayan sallar asuba ka ɗau littafi, lokacin karatu ya fi zama. In barci ya kama ka da rana yi ƙailula ta minti 20 amma fa ka saita alam, in ba haka ba sai kiran magariba ya tashe ka. Goro da kofi kuma daga la'asar ka haƙura da su.