Tambaya da Amsa: Yara uku sun isa a yi bincike da su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin ilimin yara masu buƙata ta musamman. Ina son in yi bincike kan yara uku da ba sa zama a kujera lokacin darasi, in ga ko yabon malami zai rage tashin. An ce min uku sun yi kaɗan, gara in raba takardar tambayoyi ga mutum 200. Na ji ana maganar fannin nazarin ɗabi'a a aikace, wato ABA. Yaya ƙa'idojinsa suke shiga bincike?
Wata ɗaliba daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Uku sun isa, ko ɗaya ma ana yi da shi, domin a wannan fanni yaro da kansa ake kwatanta shi: yadda yake kafin a fara amfani da dabarar, da yadda ya koma bayan an fara. Takardar tambayoyi ra'ayin mutane za ta ba ki, ke kuwa ɗabi'ar kanta kike son aunawa.

A 1968 Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley na Jami'ar Kansas a Amurka suka buga maƙalar da ta jera sharuɗɗa bakwai na irin wannan bincike. Uku daga ciki su ne ƙashin bayan aikinki.

Da farko, abin da kike bi ya zama ana gani, ana ƙirgawa. "Yaron yana da ƙiriniya" ba ma'auni ba ne. Rubuta: "tashi shi ne mazaunin yaro ya rabu da kujera ba da izinin malami ba." Sai ki zauna a bayan aji da agogo, ki raba minti 10 gida 60, kowane gida daƙiƙa 10. Daidai ƙarshen kowane gida ki ɗaga kai: yana zaune, ki sa alama, ba ya zaune, ki bar gurbin. In kika ce duk gidan da ya ɗan miƙe a cikinsa ko na ƙiftawar ido za ki lissafa, adadin zai kumbura ya wuce gaskiya. Kuma kwana biyu ko uku na farko ki zauna kawai, kada ki rubuta komai, don yara na natsuwa in sun ga baƙuwa.

Ki samu mutum na biyu ya auna tare da ke, ba tare da kun leƙa takardar juna ba, aƙalla a zama ɗaya cikin biyar. In kun dace a gida 51 cikin 60, kashi 85 ke nan cikin 100. Ƙasa da 80, galibi ma'anar da kika rubuta ce ba ta fito sarai ba.

Sharaɗi na biyu shi ne mai wuyar: ki nuna yabon ne ya kawo canjin, ba wani abu ba. Nan tsarin A-B-A-B yake shiga. A, ki auna ba tare da an canza komai ba, aƙalla zama biyar, har layin da kike zanawa na sakamakon kowane zama ya daidaita. In yaron ya riga ya fara gyaruwa da kansa, dakata tukuna. B, malami ya yabe shi in yana zaune, ya kau da kai in ya tashi. Sai a janye yabon, a ga ko tashin zai dawo, sannan a maido. Canji sau uku a daidai lokacin da kika taɓa abu ɗaya, da wuya ya zama katari. Irin wannan tsari Vance Hall da abokan aikinsa suka bi a 1968 wajen nuna cewa kulawar malami tana ƙara wa ɗalibai maida hankali kan karatu.

Inda aiki ya fi lalacewa: malami ya ji daɗi ya haɗa yabo da alawa da sauya wa yaro wurin zama a rana ɗaya, ko a fara matakin B ranar da azumi ya shiga, an sauya lokacin darussa. Haka nan in aka fara kau da kai, tashin kan ƙaru na ’yan kwanaki kafin ya sauka, saboda yaron yana ƙara ƙaimi kan dabarar da ta saba yi masa aiki. Ki gaya wa malamin tun da wuri, kada ya karaya.

Na uku, ki rubuta hanyar yadda wani malami a Zinder zai karanta ya maimaita ba tare da ya kira ki ba: wace kalma aka faɗa, cikin daƙiƙa nawa, sau nawa a minti 10. Bayan makonni uku ko huɗu ki koma ki sake aunawa, har a darasin wani malamin.

Tambaya: Yaron da nake lura da shi buga kansa yake yi da bango. In dabara ta yi aiki, janye ta don bincike ba zalunci ba ne?
Wani malamin makaranta daga Maraɗi

Amsa: Gaskiyarka, Malam, ba a janyewa a irin wannan. Fara da likita, don ciwon kunne ko na haƙori kan sa yaron da ba ya iya magana ya buga kai. Sannan a gano abin da bugun yake samar masa: kulawa, ko kuɓuta daga aiki, ko wani jin daɗi a jikinsa. Brian Iwata da abokan aikinsa sun shimfiɗa hanyar gwada wannan a 1982, amma aikin ƙwararre ne, kada ka gwada kai kaɗai.

Hujjar kuma sai a samo ta da fara dabarar bi da bi: a aji tukuna, bayan ’yan kwanaki a filin wasa, sannan a gida, ana aunawa a duka ukun tun ranar farko, kuma ana kare kan yaron a ko'ina. In a kowane wuri bugun bai ragu ba sai bayan dabarar ta isa can, ka samu abin da kake nema. Kafin ka fara awo, ka karɓi yardar iyaye a rubuce da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike.