Garma, Fartanya da "Na Duƙe": Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wani malamin firamare ya rubuto cewa garinsu na shirin baje tsoffin kayan noma a ɗakin adana kayan tarihi bayan kaka. An ɗora masa rubuta sunan kowane kaya a jikinsa, sai gardama ta tashi tsakanin dattawa: wanne ne garma, wanne ne fartanya, wanne ne hauya?

Malam, ka bi aikin da kowanne yake yi, gardamar za ta ragu. Garma ita ce babbar, mai faɗin ruwa (wato ƙarfen) da nauyi, wadda ake huɗa da ita, a juya ƙasa a tayar da kunya. Mutanen Sakkwato da Katsina galma suke cewa, kuma ba kuskure ba ne, karin harshe ne. Garmar shanu daga baya ta ari sunan. Fartanya ƙarama ce mai gajeriyar ƙota, da ita ake noman firi, wato na farko bayan shuka ta tsiro, sannan maimai, wato na biyu. Sungumi kuwa ƙotarsa doguwa ce, ruwansa ɗan siriri, mutum yana tafe a tsaye yana saran rami, na bayansa yana zuba iri yana rufewa da diddige.

Hauya ce mai rikici. A wasu garuruwa ita da fartanya abu ɗaya ne, amma a ƙasar rairayi ta Nijar akan kira doguwar nan da ake turawa a tsaye tana yanke ciyawa ƙarƙashin ƙasa da wannan suna. Shawarata, ka rubuta sunan da garinku ya sani da manyan baƙaƙe, na wasu wurare a ƙasansa. Kada ka manta da sassan: ƙarfen shi ne ruwa, icen shi ne ƙota. Tsohuwar ƙota takan bushe har ruwan ya riƙa girgiza. Manomi yakan tsoma kanta a ruwa ta kumbura ta kama, amma kayan da za a ajiye don tarihi kada a jiƙa su, tsatsa za ta ci ƙarfen. A ɗora su a kan katako, nesa da ƙasa, saboda gara.

Wata ɗaliba ta tambayi ma'anar "na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar."

Kirarin noma ne. "Na duƙe" na nufin aikin da ake yi a duƙe, kuma gajartar ƙotar fartanya ce ta jawo sunan, don ba a iya noma da ita sai an sunkuya. "Ciniki" a nan sana'a yake nufi, ba saye da sayarwa ba. Nan ne yara suke yawan ɓata fassarar.

Mai karatu na uku ya ce shin gayya da gandu ɗaya ne?

A'a. Gandu gonar gida ce, maigida da 'ya'yansa da ƙannensa suke nomawa tare, amfanin ya shiga rumbun gidan. Ɗan filin da ake yanka wa mutum ya noma don kansa bayan an tashi daga gandu, shi ne gayauna. Gayya kuwa taron taimako ne na yini ɗaya: mai gona ya gayyato samarin gari, ya tanadi fura da tuwo da goro, makaɗa su zo da gangar noma suna zuga gwanaye. Ba a biyan lada, sai dai ranar da aka kira tasu gayyar kai ma ka je. Aibinta gaggawa: in gasa ta yi zafi akan binne ciyawa ba a tumɓuke ba, ruwa ɗaya ta sake tsirowa. Wanda ya zo cin tuwon ba a kira shi ba kuwa, shi ake ce wa gayyar soɗi.