Ma'aikatana Na Son Yin Aiki Daga Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfani a Kaduna, kuma tun da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin man fetur a 2023, ma'aikatana suke roƙon in bar su su riƙa aiki daga gida kwana biyu a mako. Fargabata ita ce, idan idona ba ya kansu aiki zai yi sanyi. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. An gwada wannan abin da kake tsoro, kuma sakamakon bai goyi bayan tsoron ba. Tsakanin 2010 da 2011, Farfesa Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da ke Amurka ya gudanar da gwaji na wata tara a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke ƙasar Sin, inda masu amsa waya da aka tura gida suka ƙara ƙwazo da kashi 13 cikin ɗari. Sai dai da gwajin ya ƙare, kusan rabinsu suka zaɓi komawa ofis, yawanci saboda kaɗaici, kuma an lura cewa waɗanda ke gida ba sa samun ƙarin girma kamar takwarorinsu da shugabanni ke gani kullum.

Gwaji na biyu, wanda aka wallafa a 2024, ya fi kusa da buƙatar mutanenka, domin kwana biyu kawai ma'aikata suka yi a gida, Laraba da Juma'a. Ingancin aiki bai ragu ba, masu ajiye aiki kuma suka ragu da kashi ɗaya bisa uku.

A ganina matsalarka ta ma'auni ce. Wanda ya zauna a kujera daga ƙarfe takwas zuwa huɗu yana latsa waya, ai shi ma idonka yana kansa. Ka yanka wa kowa aikin mako da ranar miƙa shi, ka tsayar da ranakun da kowa zai hallara, sannan ka guji kiran mutane bayan isha'i don kawai suna gida. A Faransa ma tun 2017 wata doka ta fara aiki kan 'yancin ma'aikaci na ƙin amsa saƙon ofis bayan an tashi.

Abin da gwajin Sin bai fuskanta ba shi ne rashin wutar lantarki da tsadar data irin namu. Ku gwada tsarin na wata uku, amma kafin ku fara, ku zauna ku daidaita wanda zai ɗauki nauyin data da cajin kwamfuta.