An ɗora mini kula da ɗalibai masu nakasa ba tare da horo ko kuɗi ba, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen kula da harkokin ɗalibai na wata jami'a a jihar Kebbi. Watan jiya shugabanmu ya kira ni ya ce daga yanzu ni ce mai kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman. Ban taɓa samun horo a kan wannan ba, kuma ba a ware ko sisi ba. Waɗanda na sani su bakwai ne: makafi biyu, kurma ɗaya, sauran masu shan inna. Jarabawa saura mako shida. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya taya ki riƙo.

Kafin ki rubuta wa kowa takarda, ki zauna da yaran nan bakwai, ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Makafinki biyu za ki tarar ba buƙatarsu ɗaya ba. Wanda ya taso a makarantar makafi tun firamare yana karanta Burel, rubutun nan na ɗigo shida da ake shafawa da yatsa. Wanda kuwa idonsa ya tafi bayan ya girma, wataƙila bai taɓa koyonsa ba, da waya da kunne yake karatu. In kika buga masa takardar jarabawa da Burel kin yi wahalar banza, shi kuma kin bar shi inda yake. Ki tambayi kowannensu yadda ya rubuta jarabawarsa ta JAMB, da yadda yake ɗaukar darasi a aji, da wurin da ya fi ba shi wuya a cikin makarantar. Ki rubuta amsar a gabansa, ki karanta masa, ya ce e haka ne.

Sannan ki sa a ranki cewa ba su bakwai ba ne. Bakwai su ne waɗanda ido ya gani. Akwai mai sikila da ke kwanciya asibiti duk lokacin hunturu, akwai mai farfaɗiya da ke ɓoyewa don kada 'yan ɗakinsu su guje ta, akwai zabiya da ba ya ganin allo daga layi na uku, ga zafin Afrilu na Kebbi da ke haura digiri 40 yana ƙona masa fata a layin rajista. Akwai mai jin magana sama-sama da malamai suka ɗauka taurin kai ne. Irin waɗannan ba za su zo ba sai sun tabbata sirrinsu ba zai fita ba. Saboda haka takardar da za ki aika wa malami kada ta ɗauki sunan ciwo. Ta ce kawai ɗalibi wane yana buƙatar kujerar gaba da takarda mai manyan baƙaƙe. Malami bai da hurumin sanin fiye da haka sai in ɗalibin ne ya so.

Game da rashin kuɗi, ki san ba roƙo kike yi ba. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa makarantun gwamnati tun daga firamare har jami'a su samu aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo a kan ilimin masu nakasa, da kayan aikin da karatunsu ke buƙata. Ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Ita ce ta kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa da ke Abuja. Ki riƙa ambaton dokar nan a kowace takarda da za ki rubuta, har da wadda za ki nemi a tura ki horo. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos duk suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, ga kuma kwalejin ilimi ta tarayya da ke garin Oyo wadda aikinta ke nan kacokan.

Yanzu jarabawa, domin nan ne aka fi zaluntar yaran nan ba da niyya ba. Na taɓa sa ido a wani zaure inda aka zaunar da ɗalibi makaho, sai da aka raba takardu kowa ya duƙufa sannan aka tuna ba a tanadi mai rubuta masa ba. Aka kamo wani ma'aikaci daga baranda. Yaron yana faɗin kalmomin fanninsa, mutumin yana tsayawa yana cewa a maimaita, na gefe suna tsaki don surutun ya dame su. Yaron ya sauke murya har ba a jin sa sosai. Da aka ce a ajiye biro, tambaya biyu ya amsa cikin huɗu, kuma na san ya san sauran. Har yau abin yana cina.

Duk wannan takarda ɗaya za ta hana shi, in ta isa da wuri. A makon nan ki rubuta wa jami'in jarabawa na kowane sashe, ta hannun shugabanki, kwafi ga magatakardan jami'a. Ki nemi ɗaki daban mai shiru, da ƙarin lokaci, da mai rubutu da aka zaɓa tun kafin ranar. Ni shawarar da nake bayarwa ita ce rabin awa a kan kowace awa ga mai Burel ko mai shifta wa wani, amma ki sa hukumar jami'a ta amince da adadin a rubuce, don kada mai sa ido ya ce bai san da zancen ba. Mai rubutun ya zama ya san kalmomin fannin amma ba ɗan ajin ba ne, kuma su gwada aiki tare ko sau ɗaya. In ɗalibin ya iya kwamfuta, ya fi masa ya buga amsarsa da kansa. Manhajar NVDA da ke karanta wa makaho abin da ke kan allon kwamfuta kyauta ce, ki sa masu kula da cibiyar jarabawar kwamfuta su ɗora ta a kan na'ura biyu, a gwada da shafin jarabawar tun yanzu. In wani ya ce miki wannan gata ne, ki tuna masa cewa JAMB kanta tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarabawa ta hanyar da ta dace da su. Ta wannan ƙofar suka shigo. Tambayoyi ɗaya ne, ma'aunin maki ɗaya ne, hanyar amsawa ce kawai ta bambanta.

Takardun lacca ma akwai tarko a cikinsu. Wakilin aji zai ɗauki hoton takarda ya tura a WhatsApp, kowa ya ce an samu. Makaho bai samu ba, domin TalkBack, manhajar da ke karanta masa allon wayarsa da murya, rubutu take karantawa, hoton shafi kuwa sau da yawa sai an bi da shi ta wata manhaja, ita ma takan yi ta tuntuɓe in hoton ya karkace. Ki roƙi malamai su ba da ainihin abin da suka buga a kwamfuta, su kuma yarda a naɗi muryarsu a aji. Wasu za su ƙi don tsoron a yaɗa. Ki sa ɗalibin ya sa hannu cewa don karatunsa ne kaɗai, yawanci hakan yana kwantar musu da hankali.

Kurman nan shi ne na fi jiye wa, don shi kaɗai ne, kuma buƙatarsa ce mai cin kuɗi. Tafinta yake so. Ki lura, yaren hannu da ake koyarwa a makarantun kurame ya samo asali ne daga na Amurka, ya sha bamban da maganar hannu ta Hausa da kurame ke yi a kasuwa da unguwa. Ki tambaye shi wanne yake yi kafin ki nemo kowa. Reshen ƙungiyar kurame na jiha da makarantar masu buƙata ta musamman sun san masu iyawa. Kafin a ɗauki tafinta, a ba shi takardun darasi kafin lacca, ya zauna gaba, a haɗa shi da ɗalibi mai kyan rubutu. Duk sanarwar da aka yi da baki, ko sauya ɗakin lacca ne, a tura masa a rubuce.

Masu shan inna kuwa, abin da ya fi sauri shi ne jadawali. Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020, amma yaran da ta taɓa a shekarun baya su ne ke shigowa jami'a yanzu, za ki ci gaba da ganinsu. Ba sai an sa na'urar hawa bene ba. Ki je wurin kwamitin jadawali da lambobin kwasa-kwasansu, a sauko da darussan ƙasa. Na ga budurwa ta ajiye kekenta a gindin bene, ta zura silifas a hannu, ta hau da rarrafe, gefen hijabinta yana sharar ƙura, samari sun dare suna kallon ƙasa don kunya. Alhali ga aji a ƙasa babu kowa. A ɗakunan kwana a ba su na ƙasa, kusa da famfo da banɗaki, gadon ƙasa ba na sama ba. Ki shiga banɗakin da kanki ki duba: ƙofar tana wuce keke? Masai na tsuguno ne? In haka ne, kujerar ƙarfe mai rami da maƙeri zai haɗa da ƙarfen dafawa a bango sun wadatar kafin a yi babban gyara.

In sashen ayyuka suka tashi yin gangaren hawa na masu keke a madadin matakala, ki tsaya a kansu. Ƙa'idar ita ce kowane tsayin santimita 1 yana son tsawon santimita 12. Matakala uku masu santimita 15 kowace, gangarensu ya haura mita biyar. Abin da birkila kan yi a mita ɗaya da rabi, keke baya yake kifewa a kansa. Ranar gwaji ki zo da mai keken ya hau da kansa kafin a biya ɗan kwangila.

Ki buɗe fayil ga kowane ɗalibi, ki ajiye kwafin duk takardar da kika aika da ranar da aka karɓa. Kwana uku kafin jarabawar farko ki bi sassan da ƙafa, ki ga ɗakin, ki ga mai rubutun ido da ido, ki karɓi lambar wayar jami'in jarabawa. Ranar kuma ki riga kowa isa.